Taimako: ina zan kai fayilolin ofis a gajimare ba tare da izinin foldoji ya wargaje ba?

Abu_Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yin wannan aikin da hannunsu, dan gaskiya kwana biyu abin ya hanani bacci.

Ni nake kula da kwamfutoci a wani kamfanin zane da gine-gine a nan Kano, muna da ƙaramin ofis a Abuja. Ma'aikata kusan 70 ne, 15 daga ciki a Abuja suke. Sabar da muke ajiye fayiloli Windows Server 2012 R2 ce, tallafinta ya ƙare tun 10 ga Oktoba 2023 muna ta lallaɓawa, yanzu kuma diski ɗaya ya fara kunna fitilar gargaɗi. Kayan da ke ciki sun kai 3 TB, rabi zanen AutoCAD ne, sauran takardun Word da Excel da hotunan wajen aiki, sai manhajar akanta da take ajiye bayananta a wata folda a ciki. Oga yace shi ba zai sake sayen ƙatuwar saba ba, ga dizal ga esi ga batiran inbata, a kwashe komai a kai gajimare, wato sabobin haya da ake shiga ta intanet, a rufe ɗakin.

Damuwata ita ce izini. Muna da Active Directory (AD), wato tsarin da ke riƙe akawun da guruf na ma'aikata, a kan wata na'ura daban mai Server 2016, kowa da sunansa yake shiga, foldar albashi mutum 3 ne kawai ke iya buɗewa, takardun neman kwangila ma haka, kowane sashe da guruf ɗinsa. Shekara sama da goma ana gina wannan tsarin. Idan na wayi gari masinja yana ganin albashin manaja to nasan aikina ya ƙare. Muna da Microsoft 365 amma na imel ne kawai, akawun ɗin can daban suke da na ofis, kalmar sirri ma daban.

Wani yace SharePoint, ma'ajiyar takardu ta Microsoft 365, tunda muna biya dama, wani yace Azure Files, ma'ajiyar fayiloli a gajimaren Microsoft, wani abokina yace Amazon FSx, irinta a gajimaren Amazon. Wanne zai ɗauki izinin kamar yadda yake? Kuma da gaske zan iya kashe sabar gaba ɗaya? Nagode, Allah Ya saka da alheri.

Baban_Khadija

Wa alaikumus salam Malam Abu Hanif. Kafin ka zaɓi ma'ajiya ka fara sanin wa zai riƙa tantance mutane, dan izinin da ke kan foldojinka ba da sunan mutum aka ɗaure shi ba, da wata doguwar lamba ce da ake kira SID wadda Active Directory ɗinka ya ba kowane akawun da kowane guruf. Duk inda ka kai fayilolin in wajen bai san waɗannan lambobin ba to izinin ya zama rubutu kawai. Shiyasa maganar rufe ɗaki gaba ɗaya nake ganin ka ɗan ja wa oga birki tukuna.

Azure Files shine mafi kama da abinda kake dashi yanzu, SMB ne, wato hanyar da Windows ke buɗe foldar da ke kan saba, mutane zasu ci gaba da ganin diraif ɗinsu na Z ko ma wane harafi ne, kuma yana riƙe izinin NTFS, wato irin izinin da ke kan foldojinka yanzu. Hanyar tantancewa uku ce: ka haɗa shi da AD ɗinka na ofis, ko Entra Domain Services wanda Microsoft ke riƙe maka domen, wato irin AD ɗinka, ana biya duk wata, ko Entra Kerberos inda tantancewar ke bi ta gajimaren Microsoft. Ɗaya kawai zaka iya kunnawa a kan kowane akawun ɗin ajiya, ba a haɗa biyu. Sannan izini hawa biyu ne, akwai na bakin ƙofa wanda ake bayarwa a Azure, mai karatu kawai ko mai rubutu ko wanda har zai iya canza izini, sai na ciki wato NTFS ɗinka na da. Na bakin ƙofar in zaka ba guruf-guruf dole sai Entra ID, wato rajistar akawun ta Microsoft a gajimare, ya san su, kenan sai ka saka manhajar Entra Connect ta riƙa tura akawun ɗin ofis can sama. Tunda kace na imel daban suke, wannan shine aikinka na farko, ka gyara sunan shiga na kowa a AD ya yi daidai da adireshin imel ɗinsa saboda su haɗu su zama mutum ɗaya, kuma ka sanar da mutane cewa daga ranar kalmar sirrin ofis ce zata buɗe imel, in ba haka ba wayarka ba zata huta ba ranar Litinin.

Amma ga inda gizo ke saƙar a wajenmu. SMB ta ƙofar 445 yake bi, kamfanonin intanet da yawa sun tosheta, sai ka yi VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, daga ofis zuwa Azure. Ko ka samu ta buɗe akwai nisa. Cibiyar Azure mafi kusa damu a nahiyar nan Johannesburg take, tun 2019 aka buɗeta, sai kuma na Turai irin su Landan da Holan. Shi SMB surutu ne dashi, buɗe folda ɗaya sai ya yi tambaya da amsa sau barkatai, a cikin ofis ba ka ji saboda kowace tafiya ko milisakan ɗaya bata kai ba, amma in kowace tafiya ta haura milisakan 100 sai kaga mai zane ya danna fayil ya zauna yana kallon allo, musamman zanen da ke janyo wasu fayilolin a cikinsa. Ƙara faɗin intanet baya maganin wannan, nisan hanya ne.

Ni abinda na yi a wani wajen mai kama da naku shine Azure File Sync. Cikakken kwafi yana sama, a ofis kuma ƙaramar saba ce take riƙe fayilolin da ake taɓawa kwanan nan, tsofaffin sai sunansu kawai ya rage a ƙasa, in an danna ta janyo su. Ma'aikata da sabar ofis suke magana, AD ne ke tantance su kamar kullum, ita kuma sabar ta ƙofar 443 take magana da Azure saboda haka matsalar 445 bata ma taso ba. Ka saka ɗaya Kano ɗaya Abuja. Sai dai sabbin fitowar manhajar basa hawa 2012 R2, sai ka nemi na'ura mai 2022 ko 2025, amma ba sai ƙatuwa ba.

Maman_Ilham

Sannu da ƙoƙari Malam. Na yarda da Baban Khadija akan zanuka amma ni ina ganin kar ka ɗauki 3 TB ɗin a matsayin kaya ɗaya, kala uku ne ka lissafa da bakinka kuma kowanne da inda ya dace dashi.

Takardun Word da Excel SharePoint ya fi musu, mutum biyu su buɗe takarda ɗaya lokaci guda suna rubutu, a waya ma a gani, ba VPN ba komai, ga tantancewa mai mataki biyu, abinda aka goge kuma yana kwandon shara har kwana 93. Wajen ajiya ana baku 1 TB sai ƙarin 10 GB a kan kowane lasin, ku 70 kenan wajen 1.7 TB, kaga duka kayanka ma ba zasu shiga ba sai an sayi ƙari. Kuma ka sani SharePoint ba fayil-saba bace. Tsawon hanyar fayil, wato sunayen foldoji a jere har zuwa sunan fayil ɗin, baya wuce harafi 400, su kuma ma'aikata kasan yadda suke, folda cikin folda cikin folda. Manhajar OneDrive da ke sauko da fayiloli kan kwamfuta ita ma in sun wuce 300,000 sai ta fara nauyi.

Maganar izini kuwa, kayan ƙaurar na Microsoft suna ɗaukar karatu da rubutu da cikakken iko, amma izinin hanawa basa ɗauka. Wannan ka riƙe shi da kyau. Ya taɓa faruwa dani a wani ofis da na yi aiki, an buɗe wa duk ma'aikata babbar folda sai aka saka hanawa a kan ƙaramar foldar takardun ladabtarwa da ke ciki, da muka kwashe sai hanawar ta faɗi a hanya, buɗewar ta wuce. Allah Ya taimake mu a gwaji ne na gani kafin a ba mutane, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, takardun mutane ne masu iyali, wani an rubuta masa laifin da shekaru suka binne. Tun daga nan bana kwafar izini zuwa SharePoint, sabo nake ginawa, kowane sashe da shafinsa da guruf ɗinsa, albashi shafi daban wanda ba ya gadon komai daga kowa.

Dan Allah kafin ka motsa ko fayil ɗaya ka fitar da rahoton izinin duka, umarnin icacls na Windows ma ya isa, ka zauna da shugabannin sassa ku duba. Zaka samu sunayen waɗanda suka bar aiki tun tuni, da waɗanda aka ba izini da sunansu kai tsaye saboda oga ya kira yace a buɗe masa yanzu yanzu. Sannan ka tuna da dokar kare bayanai ta 2023, tana da sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen Najeriya, albashi da takardun ma'aikata suna ciki, ka sa lauyan kamfani ya duba ya rubuta muku matsaya, kar ka ɗauki wannan nauyin kai kaɗai.

Sadiq_Netwok

Ni dai yallaɓai zan faɗi abinda ba a son ji. Kuɗin gajimare da dala ake lissafa shi, kai kuma naira kamfaninku ke samu, duk wanda yake biyan irin wannan kafin Yunin 2023 da aka saki naira yasan yadda lissafinsa ya koma bayan nan alhali ko fayil ɗaya bai ƙara ba. Kuma ba kuɗin ajiya kaɗai bane, a wani tsarin duk buɗewa da rubutawa da leƙa folda ana ƙirgawa, sauko da kaya ma in ya wuce 100 GB a wata ana caji, ga VPN, ga bakof wato kwafin ko-ta-kwana. Oganka dizal yake gani saboda shi ake kawo masa rasit.

Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE duk a rana ɗaya, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Ofis ɗin da komai nasa ke sama ranar hira kawai aka yi. Dan haka ko me zaka yi ka bar kwafi a ƙasa.

FSx da abokinka ya faɗa ba laifi, asalin Windows ce a ciki, tana shiga domen ɗinka, izinin NTFS na tafiya daidai, DataSync, kayan ƙaurar Amazon, na kwashewa har da izinin. Amma nisan dai na nan, Cape Town ko Turai, kuma ku da kuke da Microsoft 365 me zai kai ka buɗe gida na biyu da lissafi na biyu? Manhajar akanta kuma kar ka kuskura ka ɗora bayananta a kan folda mai nisa ko mai kwafar kanta zuwa sama, lalacewa suke yi. Ta zauna a saba ɗaya, 'yan Abuja su shiga ta Remote Desktop, wato su riƙa sarrafa sabar daga nesa.

Abu_Hanif

Kai jama'a nagode sosai wlh, Allah Ya ƙara sani. Jiya na kwana ofis ina gwaji. Na buɗe ƙaramin Azure Files na gwada umarnin gwajin layi Test-NetConnection a ƙofar 445, layinmu na faiba a toshe take, layin ko-ta-kwana kuma ta wuce. Da na jona ta nan na buɗe wani zane da ke buɗewa cikin sakan 5 a ofis sai da ya haura minti ɗaya, na kira ɗaya daga cikin masu zanen ya gani da idonsa yace shi kam ba zai iya aiki a haka ba. Kenan maganar Baban Khadija ta tabbata.

Hajiya Maman Ilham na fitar da rahoton kamar yadda kika ce, abinda na gani ya tayar min da hankali. Akwai izinin hanawa a waje 11, akwai lambobin SID da yawa da ba suna a jikinsu, sannan wanda ya riƙe wajen kafin ni ya ƙirƙiri wasu guruf a kan ita sabar kanta ba a domen ba, ciki har da na foldar albashi. Su waɗannan ya zanyi dasu? Sannan Baban Khadija, intanet ɗinmu 20 Mbps ne wajen turawa, ya za'a yi 3 TB ya hau? Kuma na'urar AD ɗin guda ɗaya ce tal, in na samu oga ya yarda da ƙaramar saba zan iya haɗa komai a kanta?

Baban_Khadija

Madalla da ka gwada da kanka, yanzu kana da abin nuna wa oga.

Guruf ɗin da aka yi a kan sabar su ne tarkon. Lambarsu ta wannan na'urar ce kaɗai, ranar da ka kasheta sun mutu, Entra Connect ma baya ganinsu. Ka ƙirƙiri irinsu a domen, ka zuba mutanen, ka ƙara su a kan foldojin tun a tsohuwar sabar, ka sa mutum ɗaya daga kowane sashe ya fita ya sake shiga ya tabbatar yana buɗewa, sannan ka cire na da. Ka fara da albashi. Akwai Storage Migration Service a cikin Windows Admin Center da ke iya kwashe har irin waɗannan guruf ɗin zuwa sabuwar saba ya kuma ɗauki sunan tsohuwar da adireshinta, yana aiki, amma ni na fi son a gyara su koma domen dan wata rana zaka so wani ya jona Azure kai tsaye. Lambobin da ba suna kuma akawun ne da aka goge, ka adana rahoton sannan ka share su.

In da hannu zaka kwafa, umarnin robocopy na Windows ne, da /MIR /COPY:DATSO /DCOPY:DAT /B /MT:16 /R:2 /W:1 kuma ka sa ya rubuta rahoto. S da O ɗin nan su ne izini da mai fayil, in ka manta su komai zai gaji izinin sabuwar foldar. Ka kula da /MIR, duk abinda ke wajen saukar da babu shi a tushe gogewa yake, in ka juya tushe da wajen sauka ka gama da kanka, ka karanta layin sau biyu kafin ka danna. Zagayen farko ana aiki, ka maimaita kullum da dare, ranar Juma'a bayan an tashi ka rufe rubutu a tsohuwar ka yi na ƙarshe.

Lissafin hawa kuma, 3 TB a 20 Mbps in layin bai tsaya ba dare da rana kwana 14 ne, da ɗauke wuta da aikin mutane ka sa wata guda. Ba matsala bane tunda da sabar ƙasa suke aiki, File Sync na da wajen rage masa gudu da rana ka sake shi da dare. In Hajiya ta raba ka da takardun ofis zuwa SharePoint, ka kuma ware ayyukan da aka gama shekaru, abin zai ragu sosai. Ka sayi diskin da zai ɗauki duka a karon farko, sai komai ya hau sannan ka kunna rage na ƙasa.

Abu biyu da zaka gaya wa masu zane tun yanzu. File Sync baya kulle fayil tsakanin Kano da Abuja, in mutum biyu suka gyara zane ɗaya lokaci guda zai ajiye duka biyun, ɗaya da sunan sabar a jiki, su zasu zauna su haɗa. Kowane aiki a san ofishin da ke riƙe dashi. Na biyu in wani ya canza abu kai tsaye a Azure, sau ɗaya a awa 24 ake dubawa, zai iya kwana bai sauko ba.

AD guda ɗaya kuwa shi ya fi bani tsoro a duk labarinka, fiye da diskin. In ta mutu yau ba mai buɗe komai ko a ƙasa ko a sama. Sabuwar na'urar ka saka Hyper-V, mai raba na'ura ɗaya ta zama sabobi da yawa, ka raba gida biyu, ɗaya fayil ɗaya AD, lasin Standard ya yarda da biyu, tsohuwar 2016 ta zauna ta biyu kafin tallafinta ya ƙare a Janairun 2027, kafin nan ka tayar da wata ƙarama a Abuja ko a Azure. Makullin akawun ɗin ajiya kuma kar ka ba kowa, kar ka saka shi a wani sikirif, wato fayil ɗin umarni, duk mai shi ya tsallake izinin nan gaba ɗaya har albashi. Sannan ka kunna Azure Backup, dan in ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli ta shiga Kano, kullallun fayilolin zasu hau sama su sauka Abuja.

Maman_Ilham

Ƙari kaɗan Malam, waje 11 ɗin nan na hanawa kar ka goge su kawai, kowanne akwai dalilin da yasa aka saka, ka tambayi mai sashen. Mafi yawa zaka ga abinda ake so shine a fitar da ƙaramar foldar daga cikin babbar a bata guruf nata. Kuma ranar gwaji ka roƙi wani ƙaramin ma'aikaci ya zauna kusa da kai ya shiga da akawun ɗinsa ya yi ta ƙoƙarin buɗe abinda bai kamata ba, kai da akawun ɗin admin komai zai buɗe maka ba zaka ga ɓaraka ba.

Abu_Hanif

Na zauna da oga yau da safe, na kai masa mai zanen ya yi masa bayani da bakinsa. Ya yarda da ƙaramar saba a Kano, ta Abuja yace sai sabuwar shekara, kafin nan zasu ci gaba da VPN zuwa Kano. Esi ɗaya zamu kashe a ɗakin mu bar ɗaya. Takardun ofis zasu tafi SharePoint sashe sashe, zan fara da sashenmu mu zama 'yan gwaji, albashi da takardun ma'aikata suna ƙasa har lauya ya bamu amsa. Na gama mayar da guruf 4 cikin domen, saura 3. Asabar zan saka Entra Connect insha Allah, akwai mutum 6 da sunan shigarsu bai yi daidai da imel ba saboda an canza musu adireshi daga baya, Baban Khadija in gyara su a AD tukuna ko in cire su daga zagayen farko in bi su ɗaya bayan ɗaya?